Gardama a Shagon Sannu-Sannu

Sannu-Sannu ake ce masa a layin, domin kafin ya gama kai ɗaya wani mai askin ya sallami uku. Tun yana saurayi yake shago guda: kujeru biyu, madubi mai tsaga a gefe, da bencin da 'yan hira ke zama. Shi ba ya sa baki a gardama. Yakan ce wanda ke riƙe da reza a wuyan mutum ba shi da ɓangare.

Da aka sa wani fim cikin masu takarar lambar yabo, sai bencin ya rabu. Labarin wani uba ne da ɗansa ya faɗa shaye-shaye. Da abin ya ishe shi, ya kulle ƙofa ya bar ɗan a waje yana bugawa, kuma fim ya ƙare ba a nuna makomar ɗan ba.

"Wannan ba uba ba ne, dutse ne," in ji direban tasi. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"In ruɓar za ta ci sauran jikin fa?" in ji malamin makaranta, kumfa a haɓarsa.

Tela ya ce shi bai ga abin yabo ba, an zaunar da shi yana kallon mutum yana kallon ƙofa har barci ya ɗauke shi. Aka kwashe da dariya. Kowa ya san halin da babban ɗan mai askin yake ciki, amma hira ta yi daɗi, an manta.

A gida ba a manta ba. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce ta kawo fim ɗin ta sa musu, kuma da gangan ta yi. Yayanta ya riga ya sayar da fanka, da keken ɗinkin uwarsu, an kai shi asibiti ya gudo.

"Baba, ka ga dai," ta ce. "Mutumin nan ya ceci sauran gidansa. Yaya ba zai daina ba muddin ya san ƙofa a buɗe take."

Uwar ta tashi ta kashe talabijin. "Wanda ya shirya wannan bai taɓa haihuwa ba. Ke ma ki bari sai kin haifa."

"Umma, ni nake ganin irinsu kullum a wurin aiki."

"Kina ganin 'ya'yan wasu."

Suka juyo gare shi su biyun. In matarsa ta yi magana sai ya ga gaskiyarta, in 'yar ta yi ma haka. Ya ce zai yi tunani.

Yana cikin tunanin ne, wata safiya, ɗan ya shigo shago a rame, suma ta cukurkuɗe.

"Baba, a ɗan rage mini."

Sannu-Sannu ya zaunar da shi, ya ɗaura masa ƙyalle, ya yi masa aski a natse, har ya gyara masa gemu. Da ya juya zai wanke hannu, sai ya hango ta madubi ɗan yana zura injin askin cikin aljihu. Direban tasi ma ya gani, malamin ma haka.

"Na gode, Baba."

"Allah ya kiyaye hanya."

Bayan ɗan ya fita, direban ya ce bari ya je ya duba motarsa.

Sannu-Sannu ya leƙa shagon maƙwabci ya aro tsohon inji mai cizon gashi. Da shi ya yi aiki har yamma. Da ya koma gida matarsa ta tare shi da murna, wai ta ga yaron fes, ko dai ya fara shiryuwa? 'Yar tana tsaye a bayanta tana kallon fuskarsa.

Ya ce, "Allah ya sa," ya zauna yana cire takalmi.