Manhajar kyautar da Darakta ya yaba

Jama'a, yau na kama Darakta!

Masu manhajar da aka ɗora rajistar ofishinmu a kanta sun sauya lasisi, yanzu sai an biya ƙarin kuɗi. Aka kira ni taro in ba da shawara. Na ce mu koma ta kyauta.

Darakta ya bugi tebur: "Haba Malam Sanusi! Abin kyauta a ofishina? Dubi yadda wagga ke gudu! Tun azumi ko 'yan reshen Bunguɗu sun bar ƙorafi!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tun azumin na sauya ta a ɓoye. Ta kyautar ce kake yabo."

Na ce a raina shi ke nan, aikina ya tafi.

Sai ya gyara hula ya dubi sakatare: "Rubuta, ni na ba da umarni."