Akanta da Mai Biredi

Akanta kowa ke ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Tun yana saurayi ya shiga kamfanin da ke raba wa 'yan kasuwa sabulu da man girki, aka ba shi tebur a bayan sito kusa da wata taga da ba ta buɗuwa, kuma a kan teburin nan furfura ta same shi. Mutum ne siriri mai yawan shiru, yatsansa na tsakiya ya yi kanta saboda riƙon biro. Idan ya dawo gida ƙamshin sabulu ke riga shi sallama, matarsa ta ɗago daga kan keken ɗinkinta ta ce, "Ga wanda ya fi kowa tsabta a layin nan, ko da bai yi wanka ba."

Da mai kamfanin ya tsufa ya sakar wa ɗansa ragama, ɗan ya kawo kwamfuta da manhajar lissafi. Abokan aiki suka zuba ido su ga yadda tsoho zai ƙare da ita. Sai ga shi ya kamu da sonta. Da yatsu biyu yake dannawa kamar kaza na tsince tsaba, amma ya koya. Rahoton ƙarshen wata da a da yake sa shi ciwon kai na mako guda, yanzu kafin shayinsa ya huce ya fito. Shi da hannunsa ya kwashe tsofaffin littattafan kamfanin kaf ya zuba a ciki, wata da watanni, har bayansa ya riƙe. Da ya gama, ɗan mai kamfanin ya kira shi ofis, ya ja masa kujera.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Tunda komai ya shiga, wani ofishin akantoci zai riƙa duba mana daga can inda suke. Ka je ka huta."

"Ban gaji ba," in ji Akanta.

"Na sani, Baba. Ba maganar gajiya ba ce."

Ya bi ofisoshi neman aiki har takalminsa ya suɗe. A wani wuri yarinyar da ke karɓar baƙi ta tambaye shi ko ɗansa ya rako. A wani wurin aka ce masa manhajar da ya iya ba ita suke amfani da ita ba, ya ce zai koyi tasu, aka yi murmushi aka ce za a kira shi. Wasu suka nemi takardar shaidar ƙwarewa, alhali shi shaidarsa, tsofaffin littattafan nan, na cikin sito ƙura na hawa kanta. Wayarsa ba ta taɓa ƙara ba sai in matarsa ce ke tambayar ko ya ci wani abu.

Mai Biredi ne ya tsamo shi. Abokinsa ne tun suna gudu ba takalmi, ƙato mai murya kamar ganga, kullum girarsa fara fat da fulawa. Ya same shi zaune a ƙofar gida ya ce, "Kai, ramammen banza, ka zauna kana jiran masu kwat su tuna da kai? Ga ni nan, ban san ribata ba ban san faɗuwata ba. Fara da ni."

Da kuɗin sallamarsa ya sayi kwamfutar hannu ta gwanjo, ya yi rajistar manhajar da sunansa, ana cirar kuɗinta kowane wata daga katinsa na banki. Ya kafa ɗan tebur a lungun ɗaki, daura da keken ɗinki. Bayan Mai Biredi sai mai kemis ya zo, sai mai kayan gyaran babur, sai wata mai shagon gyaran gashi. Sukan kawo masa rasit a cikin leda, wasu duk maiƙo, ya baje su ya shigar ɗaya bayan ɗaya. Matarsa na taka keke, shi yana danne-danne, ta ce gidansu ya zama masana'anta. Bai taɓa jin daɗin aiki kamar na lokacin nan ba.

Wata rana Mai Biredi ya tambaye shi me zai yi da tarin takardun da aka riga aka shigar, sun cika masa wuri. Akanta ya ce, da alfaharin wanda ya san abu, "Komai na ajiye a can wurin masu manhajar. Ko gobara ba ta isa ta ci shi ba." Mai Biredi ya kwashe su ya hura tanda da su.

Sannan matarsa ta faɗi. Tana cikin ɗinka rigar makaranta da hantsi, sai ya ji keken ya tsaya, ya waiwaya ya ga bakinta ya karkace. Hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin jiki. Asibiti ya lashe abin da ke cikin katin ƙarƙaf. A daidai lokacin masu manhajar suka ƙara farashi, saƙonsu na gargaɗi ya riƙa shigowa yana zaune a bencin asibiti. Ya gani. Ya ce mako mai zuwa.

Shi kuwa Mai Biredi sa'arsa ce ta taso. Wata makarantar kwana ta ce za ta ba shi kwangilar biredi in ya sa babbar tanda, banki ya yarda zai ba shi rance in ya kawo bayanin cinikinsa na shekara kafin ranar da aka tsayar. Ya zo asibiti da ledar lemo, ya duba mara lafiya, ya ce, "Ba na son takura ka, amma ka fitar min da abin nan."

Akanta ya koma gida ya buɗe kwamfuta. Maimakon shafukan da ya saba gani, wani ɗan akwati ne ya fito a tsakiyar allo: an dakatar da asusunka. Ya kashe ya kunna, akwatin na nan. Ya kira lambar taimako, murya ta riƙa ce masa ya danna wannan ya danna wancan, har daga ƙarshe wani saurayi mai ladabi ya ce sai ya biya abin da ya taru, kuma ko ya biya sai an ɗauki 'yan kwanakin aiki kafin a buɗe.

A nan ne ya yi abin da har yau ke cin sa. Bai faɗa wa abokinsa ba. Kunya ta hana shi. Ya bi 'yan uwa neman rance, ya kai agogonsa kasuwa, duk sanda Mai Biredi ya kira sai ya ce masa, "Ina kai, saura kaɗan." Sai ana gobe ranar banki Mai Biredi ya faɗo ɗakin da kansa, ya ga akwatin a kan allo. Ya juyo wajen Akanta.

"Tun yaushe?"

Akanta ya faɗa masa.

"Kuɗin bai kai na buhun fulawa biyu ba," in ji Mai Biredi. Muryar gangar nan ta koma can ƙasa. "Da ka buɗe baki tun ranar, da na biya kafin ka rufe shi. Ni ne fa. Ni za ka ji wa kunya?"

Ya biya nan take da wayarsa. Da aka buɗe asusun, ranar banki ta wuce, makaranta ta ba wani kwangilar. Mai Biredi, da ya riga ya ɗauki ƙarin ma'aikata yana jiran tanda, ya sallame su. Magana ta zaga layin shaguna. Mai kemis ya aiko a ba shi bayanansa, mai gyaran gashi ta daina ɗaga waya.

Yanzu Akanta na aiki a wani filin da ake sayen ƙarafan bola. Yana zama a ƙarƙashin rumfar kwano kusa da sikeli, yana rubuta nauyin abin da masu kura suka kawo, tsatsa ta rine masa farce. Ya sayar da kwamfutar ya sayo wa matarsa sandar dogarawa da maganin wata biyu. Tana iya takawa zuwa ƙofa, maganarta ta dawo rabi-rabi.

Mai Biredi bai yanke zumunci ba. Kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofa da biredi mai zafi, ya ce, "Matarmu, ya ƙarfin jiki?" Ta amsa masa yadda harshenta ya iya. Ba ya shiga, ba ya tambayar maigidan. Akanta na daga ciki yana sa takalmi a hankali, yana jan lokaci har sai ya ji tafiyar ƙaton ta yi nisa, sannan ya fito.