Ƙofar Maɗaci a Ɗakin Inna

Lokacin da gwamnatin farar hula ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, duk wanda ya karɓi takardar gidansa abin da yake fara yi shi ne ya cire ƙofofin katako da tagogi. Kowa na son alminiyam da ƙofar ƙarfe 'yar waje. Ni kuwa sana'ata ke nan. Ina sayar musu da sabo a shagona na Karu, in kwashe tsohon zuwa filina na Kurudu, masu gini daga Karshi su zo su zaɓa. Ta gaba na ci, ta baya na ci, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba.

A wannan yayin na gyara nawa gidan, na ɗauko Inna daga garinmu bayan rasuwar mahaifinmu. Ɗakinta na fi kashe wa ƙarfi. Na sa taga mai zugewa da gilashi mai duhu, na sa ƙofa mai nauyi wadda in ka sake ta sai ta koma ta rufe kanta.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma kawo mini kuka. In na shiga gaisuwa sai ta ce komai lafiya, Allah ya yi albarka. Daga bakin mai ɗakina na ji cewa ta ce bayan babbar Sallah za ta koma gida. A can kuwa babu kowa sai ginin da ke zuba da maƙwabta masu nasu hidimar. Ban so hakan ba ko kaɗan.

Na tambaya ko abinci ne, ko yara suka dame ta.

Mai ɗakina ta yi dariya. "Ina ma yaran ke damunta. Cewa ta yi kun sa ta a firji. Ɗakin bai san gari ya waye ba, ƙofa kuma kullum a rufe kamar mai takaba. Matan layin nan in sun zo gaishe ta suka ga ƙofa a rufe, sai su ce Hajiya na hutawa, su juya."

Nan na gane. A gidanmu na can, ƙofar tsohuwa ba ta rufuwa sai za a kwanta. Wuni take yi rabinta a buɗe, labule na kaɗawa, mai wucewa ya yi sallama, jika ya leƙo.

Washegari na je Kurudu na sa aka ɗaga ƙofofin da ke jingine. Na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya ina duba gara, har na samu wata ta maɗaci daga wani tsohon kwatas, da tagar katako mai buɗewa waje. Fenti ya yi musu kauri, kowane ma'aikacin da ya zauna a gidan ya shafa nasa: kore, sai ruwan madara, sai wani shuɗi marar kyau. Da aka kankare aka bi da samfefa, jan icen ya fito lafiya lau. Banish kawai na ce a shafa.

Kafintana mutumin Filato ne, mun daɗe tare. Da ya gama sa tagar a ɗakin Inna, yana ɗaura ƙofar yana girgiza kai.

"Oga, kai kana sayar da sabo, kana saka tsoho a gidanka? Kwastoma ya gani fa, kasuwa ya lalace."

"Kwastoma ba ya shiga ɗakin uwata," na ce. "Ɗaura."

Damina ce, icen ya sha danshi ya kumbura. In an tura ƙofar ta kai rabi, sai ƙasanta ya kama tayil ta tsaya. Kafintan ya ɗauko abin aikinsa zai rage ta. Na ce ya ɗan taɓa kaɗan, don in rani ya zo za ta motse, kada a bar ƙofa da giɓin da ɓera zai bi.

Inna na zaune bakin gado tana jan carbi. Ba ta dube ni ba, kafintan ta yi wa magana.

"Ɗan nan, bar ta haka. Ai ta san wurin tsayawarta."

Ya dube ni, na ce ya ji abin da aka ce. Ta miƙe ta tura tagar waje da hannu ɗaya, ta tsaya tana kallon layi. Wata maƙwabciya da ke shanya ta hango ta, ta ɗaga murya, "Hajiya, ashe kina nan!"

Ban tayar mata da zancen tafiya ba, ita ma ba ta tayar ba. Na dai lura takalman mata sun fara taruwa a bakin ƙofar da la'asar, kuɓewa kuma na shan rana a kan dakalin tagar.

Bayan Sallah mai ɗakina ta kawo mini saƙo: Inna ta ce in direba ya samu sarari ya je gida, ya ɗauko mata turminta da akwatinta na ƙarfe.