Taswirar Wasan Da Ta Tashi Rugar Abokina

Assalamu alaikum, Edita. Don Allah ka ɓoye sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin nan ya faru ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare, a wani gari da ke tsakanin Kiru da Kwanar Dangora. Ban daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba, ga ƙuruciya ga ɗagawa, ina ganin duk garin babu wanda idonsa ya buɗe kamar nawa. Daga can Kudu na taho da wani wasa da abokin ɗakina ya koya mini. Mutum ɗaya ne yake riƙe littafin labari, yana faɗa wa sauran inda suke da abin da ya tunkaro su, su kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska ashirin, ita ce za ta nuna ko ka yi nasara ko ka sha ƙasa. Ni ne mai riƙe littafi, kuma wallahi ina jin daɗin wannan sarauta.

Mu huɗu ne, duk Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu. Akwai ɗan baffana manomi, akwai wani mai gyaran waya a Kwanar Dangora wanda bakinsa ba ya hutawa, sai kuma abokina tun firamare, Bafulatani. Rugarsu tana ƙetaren rafi, bayan wani dutse, tun kafin a haife mu. Suna kiwo suna noma, kuma na sha nono a ƙwaryar mahaifiyarsa fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Shi ne mafi natsuwa a cikinmu. Jarumin da ya zaɓa maharbi ne mai kwari da baka, ba ya gaggawa, sai ya tambayi komai kafin ya ɗaga ƙafa.

Littafin Turawa ne suka rubuta shi, na sa aka buga mini shi a shagon kwamfuta. Da farko na karanta musu shi yadda yake, sai hamma ta tashi. Dusar ƙanƙara, gidajen giya, gumaka, da sunayen garuruwa masu karya harshe. Ɗan baffana ya ce shi bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo. Nan na zauna na yi wa labarin tiyata. Gidan giya ya koma teburin mai shayi, fadar dutse ta koma gari mai ganuwa, gumakan na share su gaba ɗaya, matsafin da ke cikin labarin ya zama boka. Kai, abin ya karɓu! Har rigima suke yi da mai shayin da ni na ƙirƙire shi. Da na tsaya nan da ban rubuto maka wannan wasiƙa ba.

Amma ni malamin labarin ƙasa ne, sai na ce taswirar littafin ma ba ta yi mini ba. Na sayi babbar farar takarda, na kwashe kwana uku ina zana garinmu na gaske: kasuwa, masallacin Juma'a, makaranta, burtali, rafi, dutse, komai a gurbinsa. A littafin akwai wasu halittu masu haure da ke fitowa daga maɓoyarsu suna sace dabbobin ƙauye. Na mayar da su ɓarayin shanu, don mutanena su ji abin a jikinsu. Littafin ya ce maɓoyar tana ƙetaren ruwa, a bayan dutse. A duk ƙasarmu wuri ɗaya ne ya dace da wannan siffa, kuma na san ko gidan waye. Na sani sarai, kada in yi maka ƙarya. Na ɗauki jan biro na zagaye wurin, na rubuta maɓoyar ɓarayi, na ja kibiya daga mashigin rafi, na ƙara da cewa masu gadi biyu ne, ta gabas ake shiga.

Ranar da na shimfiɗa taswirar, ɗan baffana da mai gyaran waya suka yi ta tafi. Abokina kuwa ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗora yatsa kan jan zagayen, ya yi 'yar dariya ya ce Malam, ai nan gidanmu ne. Na ce haba, wasa ne, dutsen kawai nake so. Da za su tafi ya tsaya a bakin zaure ya roƙe ni a hankali in matsar da zagayen wani wuri, ko can gefen takarda inda babu kowa. Ni kuwa uban 'yan iyawa na ce aikin kwana uku ba zan ɓata shi da goge-goge ba, ya daina ɗaukar wasa da zafi. Ya juya ya tafi. Asabar biyu a jere muka yi wasan, duk lokacin da jarumai suka iso bakin rafi sai ya ce maharbinsa ba zai ƙetare ba. Mai gyaran waya ya riƙa tsokanarsa da cewa maharbi ya ji tsoron ruwa, muka yi ta dariya har da ni. Ko sau ɗaya ban tambaye shi dalili ba.

Lokacin kaka ne, wake yana gona, kuma wanda ya san ƙasarmu ya san yadda zukata suke a irin wannan lokaci. Ana nan sai aka sace shanun huɗa guda biyu na wani dattijo a ƙauyen da ke kusa da mu. Ashe mai gyaran waya ya ɗauki hoton taswirata ya ɗora a wayarsa don burga, har ya rubuta a ƙasa cewa Asabar mai zuwa za mu kai hari. Abin da yake nufi wasanmu ne. Wani ya kwafa ya tura wa wani, wani ya yanke gefen hoton, wani ya haɗa da saƙon murya yana rantsuwa cewa masu bincike ne suka gano inda shanun suke. Ranar Juma'a da safe ina ofishin malamai sai ga hoton ya shigo zauren wayarmu na makaranta. Innalillahi! Rubutun hannuna ne, jan birona ne.

A nan ne na yi laifi na biyu, wanda ya fi na farko muni. Maimakon in tashi a take in ce nawa ne, sai na yi shiru. Ina tunanin me za a ce: malamin makaranta yana tara mutane suna jefa ƙwaya, wasu su ce caca, wasu su ce duba nake yi. Ina tunanin aikina da mutuncin gidanmu. Na shiga aji na koyar da darasi biyu, ban san abin da bakina yake faɗa ba. Na kira abokina sau uku bai ɗaga ba. Na kira mai gyaran waya, ya ce ya goge hoton tun jiya, don Allah kada in ambaci sunansa. Goge me? Magana zarar bunu ce. Har aka sauko daga Juma'a ban buɗe baki ba, sai da na ga matasa sun taru a ƙofar gidan dagaci, babura a jere, wasu da gora, wasu da adda, kowa da wayarsa a hannu yana nuna wa na kusa da shi jan zagayen nan.

Na ruga gida na kwaso littafin, da ƙwayoyin, da taswirar kanta. Ɗan baffana, Allah ya saka masa, shi ya riƙa ture mini mutane har na isa gaban dagaci. Na durƙusa na ce ranka ya daɗe, takardar nan ni na zana ta, kuma babu gaskiya ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Wuri ya kaure. Wani ya ce an saye ni, wani ya ce ai dama abokinsu ne. Na warware taswirar a ƙasa, na nuna musu gefen da aka yanke a hoton: ga dodo mai fukafukai na zana a kan rufin makarantarmu, ga gidan boka a tsakiyar kasuwa. Na ce in har akwai ɓarayi a bayan dutse, to akwai dodo a makaranta. Dagaci ya karɓi ƙwayar mai fuska ashirin yana jujjuya ta, ya sa na yi bayanin wasan tun daga farko, a gaban ɗalibaina da iyayensu. Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi tsaki suka fara watsewa. Sai ya yi mini tambaya ɗaya cikin sanyin murya. Ya ce ya ji wasa ne, amma duk faɗin takardar nan me ya sa hannuna bai ga inda zai ajiye ɓarayi ba sai gidan Fulani? Na sunkuyar da kai.

Kafin in ɗago wani ya ce ai babura uku sun riga sun wuce tun ana sallama. Dagaci ya miƙe da kansa, aka ɗauke shi a babur, ni ma na haye bayan ɗan baffana. Ban taɓa ganin hanyar rafin nan ta yi tsawo kamar ranar ba. Daga nesa muka hango hayaƙi. Da muka isa sai muka tarar samarin sun cinna wa tarin karan dawa wuta a bakin gona, suna tsaye a mashigi, daidai inda kibiyata ta nuna. A ɗaya gaɓar mahaifin abokina ne, wanda nake kira Baffa tun ina yaro, yana tsaye da sandarsa a kafaɗa, abokina a gefensa. Babu mata, babu yara, babu ko ɗan maraƙi. Hoton ya iso gare su tun daren Alhamis, sun kwashe iyali sun tura daji da shanu. Wato lokacin da nake aji ina tattalin mutuncina, matar da na sha nono a ƙwaryarta tana cikin ƙaya da jikokinta. Dagaci ya daka wa samarin tsawa, ya karɓe makullan baburansu. Allah ya tsare, ba a zubar da jini ba.

Bayan kwanaki aka ga shanun huɗar a wata kasuwa mai nisa, a hannun mutanen da ba su da alaƙa da rugar ko kaɗan. Na je na durƙusa gaban Baffa na nemi gafara. Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ya ce shekarunsa a wurin nan sun fi nawa a duniya, ya ɗauka an san shi, sai ga takarda ɗaya ta isa a zo masa da adda. Ya ce mutumin da aka zagaye gidansa da ja sau ɗaya ba zai sake barci da ido biyu a rufe ba. Suna gama girbi suka tashi, suka koma wajen danginsu can yankin Doguwa.

Ranar da za su tafi abokina ya zo zaure ya miƙo mini takardar da muka rubuta siffofin maharbinsa a kai, a ninke. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce Asabar biyu yana tsayar da maharbinsa a bakin rafi yana jira in tambaye shi dalili, ni da na san kowane lungu na taswira amma ban kalli fuskarsa ba. Na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba.

Ban sake buɗe littafin ba, amma ba wasan nake zargi ba, wasan bai yi komai ba. Masu irin wannan wasa, na ji yanzu kun fara yawa a makarantu. Ku gyara labari ya dace da mutanenku, ku sa mai shayi, ku sa ganuwa, babu laifi. Amma idan kuka zo kan mugu, ku bar shi da haurensa da fukafukansa a ƙasar da babu ita. Kada ku ba shi yaren maƙwabcinku, kada ku ajiye shi a gidan da ake hura wuta. Idan kuma wani a cikinku ya yi shiru, ku rufe littafin ku tambaye shi. In kun yi kuskure ku faɗa da safe, kada ku jira a sauko daga Juma'a kamar ni.

Har yanzu ina koyar da labarin ƙasa. Duk shekara nakan sa ɗalibai su zana taswirar garinmu, kuma duk shekara suna barin bayan dutsen nan fari fat, don su a saninsu ba a taɓa zama a wurin ba. Ni kaɗai a ajin na san wanda ya goge shi.