Inabin da Na Sa Kawu Ya Tsinke Ɗanye

Jiya na ga inabi a tire a bakin Sama Road, sai Kawu, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Ya dasa inabi a garkarsa ta fadama lokacin da kowa ke dasa albasa, ana ta yi masa dariya. Kullum da hantsi yakan bi ganyen yana ɗagawa, hannunsa duk laka da warin taki.

Shekara huɗu yana jira. Inabin ya yi 'ya'ya gab da samun mulkin kai, ni kuwa dillali, na riga na yi wa masu saye alkawari. Na ce a tsinke ɗanye mu rufe a kwando ya nuna, yadda nake yi wa mangwaro.

Ya ce, "Ɗana, ka tabbata shina nuna?"

Na ce, "Kawu, sana'ata ta. Bar mini."

Ashe inabi ba ya nuna bayan an tsinke. Da muka buɗe bayan kwana biyar, sai tsami da ƙudaje. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya haɗiye. Kafin wata kaka ya rasu.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini gaggawata.