Mutumin da Ban Faɗa wa Rasuwar Malam Ba

Shekara biyar ke nan da aka binne maigidana, Malam Issufu, a nan Greensboro, garin Turawan da muka yi ƙaura zuwa cikinsa. Allah Ya ji ƙansa. Ranar da ya rasu, kafin magariba labari ya kai Damagaram, garinsu, ya kai Katsina, garinmu. Katin waya na yi ta kankarewa ina kira har muryata ta dushe, don haka muka taso muka gani: duk wanda ya san mutum yana da haƙƙin a faɗa masa ya tafi. Kowa ya ji, ban da mutum ɗaya. Shi ne ya tsaya mini a rai duk shekarun nan.

Shekara guda kafin rasuwar, 'yarmu Hadiza, wadda ke aikin jinya, ta haɗa mana tafiyar hutu, mu biyu, zuwa wani ƙauye na bakin teku a wani tsibiri na ƙasar Girka, cikin Bahar Rum. Da mutanenmu suka ji, tambayarsu ɗaya ce: wajen wa za ku? Na ce ba mu da kowa a can, kallo za mu. Wata Hajiya ta riƙe baki, ta ce to ruwan za mu gaisar ko duwatsun? Ni dai ban kula ta ba. Na gaji da daga wajen aiki sai gida, ina son idona ya ga wani abu daban.

Malam bai yi gardama ba, bai kuma yi ɗoki ba. Dama tun da muka koma Pleasant Garden, wani ƙauye a bayan gari, ya rage magana. Shi ya zaɓi gidan saboda filin da zai shuka kuɓewa da yakuwa, bai lissafa cewa maƙwabci zai yi nisa ba. Mutumin da a Damagaram gaisuwa kan sa ya makara zuwa kasuwa, sai ga shi da safe a tsaye wajen akwatin wasiƙa yana ɗaga wa motoci hannu. Na sha yi masa tsiya, in ce Malam, gilashi kake gaisarwa. Sai ya ce ai akwai mutum a ciki.

Ƙauyen ƙarami ne, gidaje farare a jikin tudu, ƙananan jiragen masunta a ɗaure a gaɓa, ruwan kuwa kamar an zuba masa shuni. Hadiza ta gama tsara mana komai. Akwai jirgin da ke kai baƙi wani kogo da teku ke shiga cikinsa, akwai 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gonakin zaitun ta hau har wata tsohuwar hasumiya. Ina ɗaura takalmi don mu fara, Malam ya ce in dakata. Wai baƙo ba ya shiga gari ya kama yawo bai gaida mai gari ba. Ya buɗe akwati ya zaro goro a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Ashe tun daga shagon 'yan Afirka ya yi guzurinsa ban sani ba.

Na ce Malam, don Allah ka rufa mana asiri, nan wurin yawon buɗe ido ne. Ko a jikinsa. Muka gangara bakin ruwa, ya hango wani tsoho a gindin bishiya, da farin gashin baki da baƙar hula, yana jan wani abu kamar carbi, duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi. Malam ya ce ga shi nan. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya miƙa goro da hannu biyu, ya jero gaisuwa da Hausa har da tambayar iyali da gajiya. Ni ina gefe kunya kamar ƙasa ta tsage. Tsohon ya juya goron, ya gatsa, ya yamutsa fuska, masunta suka kwashe da dariya. Sai ya jawo wata kujerar katako ya buga hannu a kanta, Malam ya zauna.

Daga baya mai otal ɗinmu, wadda ta ɗan ji Turanci, ta gaya mana ba sarauta gare shi ba, tsohon masunci ne da ƙafa ta hana shi shiga ruwa, abin hannunsa ma ba na ibada ba ne, na motsa yatsu ne kawai. Malam ya ce wanda kowa ke gaisarwa shi ne mai gari. Sunan ya bi shi a wajenmu, Mai Gari, har ba mu riƙe na ainihin ba.

To daga ranar na rasa abokin yawo. Jirgin kogo sau ɗaya ya shiga, ya runtse ido yana addu'a har muka dawo, bai ga yadda ruwan ke haske daga ƙasa ba. Hanyar hasumiya kuwa ya ce gwiwarsa ba ta so, gwiwar da ke kai shi gindin bishiya da sassarfa. Can yake wuni, shi yana Hausa, Mai Gari yana yarensu, suna gyaɗa wa juna kai. Ni kaɗai na hau tudun, ina haki ina mita, awaki suna kallona. Da na kai sama na leƙo, ga teku har ƙarshen gani, ga farar hular Malam kusa da baƙar hular tsohon, 'yan ƙanana a ƙasa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma da na sauko na jiyo dariyar Malam tun daga nesa, irin wadda rabona da ji tun muna gida, sai haushin ya wuce.

Ranar da za mu tafi, Malam ya yi wa Mai Gari alama da hannu cewa baɗi zai dawo. Tsohon ya dafa kujerar ya nuna shi, wato tasa ce. Baɗin ta zo, ciwon zuciya ya ɗauke Malam a tsakiyar shukarsa.

Hadiza ta ce ai abu ne mai sauƙi, a buga wa mai otal waya ta isar wa Mai Gari da saƙon rasuwar. Na ƙi. Rasuwar aboki ba a barin ta a hannun mai otal kamar mabuɗin ɗaki. Akwai kuma wani dalili da na riƙe a raina. Muddin Mai Gari bai ji ba, akwai wuri ɗaya a duniya da Malam bai mutu ba, ya dai makara ne. Da gidan ya yi mini girma, in zauna ni kaɗai ba motsin kowa sai na firiji, wannan tunanin nake jingina da shi. Amma kowace shekara tsoro na ƙaruwa: mutumin nan tsoho ne, kada ya tafi yana zaton Malam ya saɓa alkawari.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga Greensboro ta yau. Mutanenmu sun ƙaru, 'yan Nijar sun cika masallaci, da zai ji daɗin wannan. Sai dai waya ta shiga aljihun kowa, har ta'aziyya a rubuce ake turo ta. Jikokinsa in na jero musu gaisuwa, kalma ɗaya ta Turanci suke ba ni su wuce. Ina jin da zai zaunar da su ne ya ƙi sakin hannunsu sai sun amsa.

Bana na ce wa Hadiza ta raka ni. Na sayi goro na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle. Muna gangarawa bakin ruwa, sai ga baƙar hular a gindin bishiya. Ya rame, sanda ta ƙaru a gefensa. Ya dube ni har ya gane ni, fuskarsa ta washe. Sai ya karkata kai yana duba hanyar da ke bayana. Ya daɗe yana dubawa.

Mun shirya mai otal za ta yi mana tafinta, amma ban jira ta ba. Na durƙusa kamar yadda Malam ya yi, na miƙa goron da hannu biyu, na faɗa masa da Hausa:

"Mai Gari, Malam ya riga mu gidan gaskiya. Ba ƙin zuwa ya yi ba."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Hawaye suka bi gashin bakinsa. Can ya buɗe baki, kalma ɗaya ta fito, wadda ban san Malam ya koya masa ba:

"Sannu."

Ya jawo kujerar ya buga hannu a kanta, na zauna. Ya gatsa goron, ya yamutsa fuska, ya cinye shi tas. Hadiza ta hau hasumiya ita kaɗai, ni na wuni a nan, ina Hausa yana yarensu.

Na sauke nauyi, amma na dawo da kewar da ta fi wadda na tafi da ita, don yanzu babu inda ake jiran Malam. Filin kuɓewarsa ciyawa ta cinye, tufafinsa an rabar. Abin da ya rage nasa shi ne gaisuwa: kalma ɗaya a bakin wani tsoho a tsakiyar teku, sai kuma ni. Da safe nakan fita wajen akwatin wasiƙa in tsaya inda yake tsayawa. Yawancin motocin ba sa amsawa. Ina dai ɗaga hannu, tunda akwai mutum a ciki.