Nonon da 'yata ta kasa sha

Shekarun baya, da na haifi 'yata ta biyu a nan Illela, ko suna ba a yi ba ta fara amai duk lokacin da ta sha nono, idanunta suka yi ɗorawa. Gwaggona, wadda ita ce uwar mijina, ta sa na tatsa nono a ƙoƙo ta jefa tururuwa ciki. Wai idan tururuwar ta mutu, nonona ne mugu. Tururuwa ta fito ta kama gabanta.

"To mi ad damuwar ɗiyag ga?" in ji Gwaggo. Ta aika ƙauyen Araba aka kawo madarar shanu, abin ya ƙara tsananta.

A asibitin Sakkwato, bayan gwaje-gwaje, likita ta ce jikin yarinyar ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikin kowane irin nono. Gado ne, ni da mijina kowa na ɗauke da shi ba tare da ciwo ba, sai ya haɗu a jikinta. Aka mayar da ita kan madarar waken suya, ta farfaɗo.

Ni kuwa ba na iya barin abu sai na ga ƙarshensa. Na yi ta bincike a waya har na karanta cewa ciwon kan sa al'adar mace ta ɗauke da wuri. Mahaifiyata kafin ta kai arba'in tata ta ɗauke, ga ni ina son ƙarin haihuwa. Na addabi tsofaffin danginmu da tambayar yaushe tasu ta tsaya, har wata ta ce ko dai aikin likita na koma.

Da muka koma asibiti, ina goye da yarinyar, na zazzage wa likita komai. Ta ce, "Malama, ke ɗauke da shi kawai kike, kuma ba mu da tabbacin yana taɓa haihuwar irinku. Wadda za mu sa wa ido ita ce wannan ta bayanki."

Na waiga na dubi 'yata. Ban taɓa kawo ta cikin zancen ba.

Na sake haihuwa biyu lafiya lau, al'adata kuma har yau tana nan. Abin da na koya shi ne, in mutum zai yi tambaya, ya fara sanin a kan wa yake yinta. Yarinyar ta girma, ana bibiyar lafiyarta. Kwanan baya tana goye da jaririn maƙwabciyarmu ta ce, "Inna, ni ɗiya biyar nika so." Na ce Allah Ya ba ki, na gyara mata zanin goyon.